Motar da Ke Fitar da Ruwa a Salansa: Amsoshinku kan Haidirojin

Wannan makon na ajiye tambayoyin waya da kwamfuta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Dalili shi ne wani bidiyo da ya karaɗe zaurukan WhatsApp na Damagaram: mutum ya durƙusa a bayan wata mota ya tara kofi, ruwa yana ɗiga ciki, an rubuta a sama wai zamanin esansi ya ƙare. Saƙonnin da suka shigo mini a kansa suna da yawa, sai na zaɓi huɗu.

Wani makanike daga unguwar Zango: "Malam, da gaske an ƙera motar da ruwa ne manta? An yi mini tallar wata na'ura da ake ɗaurawa a inji a zuba mata ruwa, wai tana rage shan mai da rabi. In saya in riƙa sa wa masu kawo mini gyara?"

Ɗan'uwa, motar gaskiya ce, labarin ne aka juya maka. Ruwan ba abincinta ba ne, shi take fitarwa bayan ta ci. Abincinta iskar haidirojin ce, wadda ake matsewa cikin tankuna masu kauri a ƙarƙashin kujeru.

Asalinta motar lantarki ce, sai dai tana tafe da injin wutarta a ciki. Akwai wani akwati da zan kira akwatin haɗa wuta, cike da ɗaruruwan siraran faifai da aka jera kamar shafukan littafi. Haidirojin yana shiga ta gefe ɗaya, iskar da muke shaƙa tana shiga ta ɗayan. A tsakiya akwai wata siririyar fata da aka shafa wa ƙarfen falatinam. Da haidirojin ya taɓa falatinam sai ƙwayarsa ta rabu biyu: sashe ɗaya ya ratsa fatar, ɗayan kuma ba ya iya ratsawa, dole ya zaga ta cikin waya. Wannan zagayen shi ne lantarkin da ke juya ƙafafun mota. Idan suka sake haɗuwa a can gefen suka tarar da oksijin, sai su zama ruwa. Shi ne ka gani a kofi. Babu buji, babu fistan, babu juyen baƙin mai.

Dabarar tsohuwa ce. Wani Baturen Birtaniya, William Grove, ya nuna ta tun 1839, kuma da ita kumbon Apollo na Amurka ya samu wuta da ruwan sha a tafiyar zuwa wata. Toyota ta fara sayar da Mirai a Japan a watan Disambar 2014, Hyundai ta Koriya ta Kudu ta fito da Nexo a 2018. Sabon samfurin Mirai yana ɗaukar kilo 5.6 na haidirojin, ana cika shi cikin kamar minti 5, ya yi tafiyar kusan kilomita 650.

Na'urar da aka yi maka talla kuwa, ina roƙonka kada ka saya. Ruwa tokar haidirojin ne, ya riga ya ƙone. Kafin ka sake raba shi sai ka kashe ƙarfin da ya fi wanda za ka samu, kuma wannan ƙarfi daga ina zai fito in ba daga batir da injin da ke shan esansin ba? Ka cire kuɗi daga aljihun dama ka sa a na hagu, wasu sun zube a hanya, ka ce ka ci riba. Ranar da masu motoci suka ga man bai ragu ba, kai za su dawo wa, mai tallar ya riga ya yi gaba.

Wani direban kamiyo mai bin hanyar Damagaram zuwa Agadas: "An ce gidajen sayar da wannan iska suna ƙaruwa a duniya. Yaushe za su iso mana mu huta da gazuwal?"

Alhaji, tambayarka ita ce zuciyar maganar, domin motar ba ita ce matsala ba, inda za ta sha ne.

Gaskiya ne suna ƙaruwa, amma a ƙarshen 2024 duk duniya gidajen haidirojin sun ɗan haura 1,000 ne kawai. Ka auna da wannan: Jamus ita kaɗai tana da gidajen mai na esansi da gazuwal sama da 14,000. Mafi yawan na haidirojin suna Asiya. A lokacin Sin ce kan gaba da sama da 300, Koriya ta Kudu tana da kusan 200, Japan tana da wajen 160, Jamus tana da wajen 100. A Amurka kusan duka suna jiha ɗaya, Kalifoniya, ƴan hamsin da wani abu.

Kuma yayin da ake buɗe wasu, ana rufe wasu. Shell ta rufe nata na Ingila a 2022, ta rufe na ƙananan motoci a Kalifoniya a watan Fabrairun 2024. A Denmak kamfanin Everfuel ya rufe nasa a 2023. A Jamus direbobi suna da manhaja a waya, H2.LIVE, da suke dubawa kafin su fita daga gida don su ga wane gidan iska ne ke aiki a ranar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda abin yake.

Abin da ke sa tafiyar hawainiya shi ne tsada. Ana matse iskar har awon matsi 700, wato kamar ninki 300 na iskar da mai faci ke ba tayar ƙaramar mota. Kafin ta shiga tanki sai an sanyaya ta zuwa digiri 40 ƙasa da sifili, don matsewa yana sa ta zafi. Injin matsewa, injin sanyi, tankunan ajiya, duka sai sun tsaya daidai a lokaci ɗaya, ɗaya ya lalace an rufe gidan. Gina guda yana cin dalar Amurka miliyan 1 zuwa 2, wani lokaci fiye. Mai kuɗi ba zai gina ba sai ya ga motoci, mai sayen mota ba zai saya ba sai ya ga gidan iska, ana ta kallon-kallo. Inda masu saye suka yi kaɗan kuma farashi hawa yake: a Kalifoniya kilo ɗaya ya kai dala 36 ta Amurka a 2023. Cika Mirai sau ɗaya ke nan ya haura jika 100 na sefa, alhali lita 50 na esansi da za ta yi maka irin wannan tafiya a gidan mai nan garin ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba.

Abin da zai yi maka daɗi shi ne, inda abin ya fi kama ƙasa irin aikinku ne: manyan motoci da bas-bas, waɗanda ke tashi daga tasha ɗaya su dawo tasha ɗaya, gidan iska guda ya ishe su. Tun 2020 kamiyon Hyundai XCIENT ke jigilar kaya a Suwizalan, yana ɗaukar kilo 31 ya yi wajen kilomita 400. A 2022 kamfanin Anglo American ya gwada ƙatuwar motar ɗaukar duwatsu a ma'adinin Mogalakwena a Afirka ta Kudu. Tarayyar Turai ta yi doka cewa kafin ƙarshen 2030 a samu gidan haidirojin a kowane kilomita 200 a manyan hanyoyinta.

To yanzu ka dubi taka hanyar, kusan kilomita 450 ta Tanut da Adarbisanat. Sai an kafa gidan iska nan, an kafa a tsakiya, an kafa a Agadas, kowanne da wutar da ba ta ɗaukewa. Sai an kai musu iskar, alhali tirela guda mai bututun ƙarfe ƴan ɗaruruwan kilo kawai take ɗauka. Akwatin haɗa wuta yana son iska mai tsabta, mu kuma ga ƙurar hunturu. Yana aiki a zafin digiri 80 ne, sanyaya shi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da garin kansa ya haura digiri 40, aiki ne ja. In gazuwal ya ƙare maka a daji, wani zai kawo maka jarka a kan babur. Haidirojin ba ya shiga jarka, ba kuma za ka same shi a kwalba a bakin hanya ba. A ganina kamiyon da kake tuƙawa yanzu zai tsufa a kan gazuwal, kada ka jinkirta wani gyara ko saye kana jiran wannan.

Wata Hajiya daga Birni: "Mu da muke tsoron tukunyar gas ta girki, wannan ba bam ba ne a ƙarƙashin kujera?"

Hajiya, tsoronki yana da tushe. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama wuta da sauri, harshen wutarta ma da ƙyar ake ganinsa da rana. Amma ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi sau 14, in ta zurare a fili sama take yi nan take, ba ta kwanciya a ƙasa kamar gas ɗin girki. Tankunan an naɗe su da zare mai ƙarfin gaske, akwai kuma na'urorin da ke rufe hanya da zarar sun ji yoyo. An taɓa samun fashewa a wani gidan iska kusa da Oslo a Norwe, a watan Yunin 2019, saboda wani murfin tanki da ba a ɗaure daidai ba. Ba a rasa rai ba. Abin da ya fi damuna shi ne gyara: irin wannan mota ba a kai ta inda za a taɓa ta da guduma da wutar walda.

Wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou: "Muna da rana fiye da Jamus. Me zai hana mu samar da haidirojin da kanmu?"

Ƙanwata, na ji daɗin wannan tambaya, kuma ki riƙe ta har bayan karatunki. Ki fara da sanin cewa kusan duk haidirojin da duniya ke amfani da shi yau, sama da tan miliyan 90 a shekara, daga gas da kwal ake ciro shi, kuma kowane kilo da aka ciro daga gas yana sakin wajen kilo 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Motar ba ta hayaƙi, amma an riga an yi hayaƙin a masana'anta. Mai tsabta shi ne wanda kike nufi, a yi amfani da wutar rana a raba ruwa, kuma har yanzu bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ga lissafin. Kilo ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 9 na ruwa tatacce tas, a aikace fiye da haka. Ba yawa ba ne, amma a garin da ƴan ga-ruwa ke tura baro tun asuba, dole a tambayi daga wace rijiya. Babban cikas ɗin wuta ce: kilo ɗaya yana cin awon lantarki 50 zuwa 55, irin awon da mitar Nigelec ke ƙirgawa, ya kai Mirai kilomita 100 da ɗoriya. Wannan wutar in aka zuba ta kai tsaye a motar batir, za ta yi kusan kilomita 300. Shi ya sa ga kabu-kabu da adaidaita da motocin cikin gari, farantan sola da batir sun fi kusa da mu nesa ba kusa ba.

Inda nake so ki kai hankalinki shi ne abin da ba mota ba. Manyan masu cin haidirojin a duniya matatun mai ne, irin SORAZ da muke da ita tun 2011, da masana'antun taki, domin daga shi ake yin amoniya, daga amoniya a yi yuriya. Manomin Matamai ko Magariya ya fi buƙatar buhun taki mai sauƙin kuɗi a kan motar Mirai.

Sannan ki karanta labarin ƙauyen Burakebugu a Mali, kimanin kilomita 60 daga Bamako. A 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse suna neman ruwa sai iska ta taso daga ramin, ta kama da wuta, aka toshe shi. Bayan shekaru aka auna aka ga haidirojin ne kusan kashi 98 cikin 100, yana fitowa daga ƙasa da kansa, ba wanda ya raba ruwa. A 2012 aka haɗa shi da janareta ya ba ƙauyen wuta, kuma wannan rijiya tana cikin abin da ya sa kamfanoni a Amurka da Ostareliya da Faransa suka shiga haƙa suna neman irinta. Ki kai wa malamanku na ilimin duwatsu wannan labari, ki tambaye su irin dutsen da ke haifar da wannan iska, da ko akwai makamancinsa a ƙarƙashin Damagaram.