Ba allura ce za ta ba ki wuya a Ingila ba

Ƙanwata, saƙonki ne na huɗu a watan nan, kuma tambayar ɗaya ce, kan zuwa aikin jinya a Ingila: jarrabawar Turanci, CBT (jarrabawar kwamfuta), OSCE (jarrabawar gwada aiki a aikace), nawa ne albashi. Bayanin jarrabawar duk yana shafin NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a nan, je ki karanta. Ki dai sani Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kada a kwashe musu ma'aikatan lafiya, don haka da kanki za ki nemi aikin. Dillalin da ya ce ki kawo kuɗi, ki riƙe jakarki.

Abin da ba wanda ya faɗa min, tarbiyyar gida ce ta fara jefa ni a matsala. Watana biyu da fara aiki, ɗan wani dattijo Bature ya tare ni a bakin ƙofa yana tambayar sakamakon gwajin mahaifinsa. Na gaya masa, yadda muka saba: a sanar da 'yan uwa, su san yadda za su lallaɓa mara lafiya. Kafin a tashi aiki an kira ni ofis. Ashe tsohon bai yarda kowa ya ji ba, kuma a nan ko matarsa sai da izininsa. Wallahi a banɗaki na yi kukana. Shekara tara ina jinya a gida, ranar aka mai da ni ɗaliba.

Sunkuyar da kai ma laifi ne, gani suke kina ɓoye wani abu. Tsohuwa sa'ar kakarki kuwa sunanta za ki kira gatsal. Har yau bakina nauyi yake.

Akwai horon da asibiti ke bayarwa kan al'adun marasa lafiya, rabinsa danne-danne ne a kwamfuta. Na raina shi, ina ganin ai ni Musulma ce, me za a koya min? Sai da azumi ya zo, na soma yi wa wata 'yar Pakistan mai ciwon suga bayanin insulin da sahur. Ta dube ni ta ce wa ya ce min tana azumi? Tun ranar tambaya nake yi, ko mai hijabi ce: me za ki ci, wa kike so ya taɓa ki, a kira tafinta? Ba a sa yaro ya fassara wa uwarsa ciwonta.

Yanzu sababbin zuwa da ni ake haɗa su, kuma in Musulmi na gargara ni ake nema a juya gado alƙibla. Ki turo takardunki ranar Lahadi, satin nan aikin dare nake.