Hidimar siniya a makarantar kwana

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kowa lafiya. Ka ce Mai-sunan-Malam zai tafi makarantar kwana, uwarsa ta tayar da hankali don ta ji ana sa ƙanana wanki da ɗiban ruwa, kana tambaya ko al'ada ce ko zalunci.

Abin ya daɗe. Makarantar kwana ta boko ta kafu a Arewa tun zamanin Kwalejin Katsina ta 1921, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda ta koma Kaduna, daga nan Zariya, yau ake ce mata Barewa. Turawa suka zo da tsarin firifet, wato manyan ɗalibai masu kula da ƙanana, daga makarantun Ingila, ya tarar da namu na bara da uban ɗaki, sai suka haɗu suka zama abu guda.

Ni na shiga fom wan ana kashe sule, kafin naira ta zo a 1973. Ranar da ka sauke akwatinka na ƙarfe, wani ɗan fom fayif zai ce kai nasa ne, shi ne siniyanka. Nawa ɗan garinmu ne. Kafin ƙararrawar asuba na cika masa bokiti, in share lungunsa, ranar Juma'a da yamma in hura gawayi a dutsen guga saboda duba ɗakuna na safiyar Asabar. In an raba gabza ni ke karɓo kwanonsa. Ba zan ce maka da daɗi ba, musamman da hunturu, hannu duk ya tsage.

Amma shi ma akwai haƙƙina a wuyansa, wannan ne iyayen yanzu ba su sani ba. Ba wanda ya isa ya aike ni ko ya ɗaga mini hannu sai ya nemi izininsa. Garin kwakina da ƙuli-ƙuli a akwatinsa suke, don a nawa ba za su kwana biyu ba. Lokacin firef, wato zaman bitar karatu bayan an tashi daga aji, ya zaunar da ni ya duba lissafina. Da zazzaɓi ya kayar da ni, a bayansa na isa ɗakin shan magani. Siniyan da yaronsa ya fito da datti ko ya faɗi jarrabawa, abokansa dariya suke masa.

Akwai mugaye, ko a lokacinmu. Wani ya kan ba yaro kwabo ya ce ya sayo burodi da sukari ya kawo canji. Wannan ko a wancan zamani sunansa cin zali, kuma in maganar ta kai kunnen malamin gida, langalanga ake miƙa wa siniyan ya yi wuni yana yankan ciyawa. Abin da nake ji yanzu, a wasu wuraren hidimar ta rage, kulawar ta tafi, malamai kuma sun daina zagaya ɗakunan kwana da dare.

Saboda haka kafin ya tafi, uwarsa ta daina yi masa wanki, ya koya da hannunsa. Ka bincika cikin 'yan unguwarku wa ke da ɗa mai hankali a babban aji, ka je har gida ka damƙa amanarsa a gaban uban. Ka gaya wa yaronka ɗiban ruwa da shara ba sa kashe mutum, amma duka, ƙwace kuɗi, ko kiransa wani wuri bayan an kashe fitila, ya faɗa wa malamin gida a ranar, ya kuma faɗa maka. Ranar ziyara kada ka aika direba, ka je da kanka, ka ce ya nuna maka gadonsa.

Ka turo mini shi kafin tafiyar. Ka gaida mutanen gida.

Baffanka.