Ba kuɗi ba ne matsalar fim ɗin

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙarancin kuɗi ne ya sa fim ɗin kisan gillar da ka kalla bai ba ka tsoro ba. A'a, ba kuɗi ba ne. Yadda ka ba da labarinsa, tun minti goma na farko an nuna maka fuskar makashin, 'yan wasan kuma an jera su kamar kajin yanka, ba ka san sunan ko ɗaya ba balle mutuwarsa ta dame ka. Ga kuma yarinyar da ta ji motsi a ɗakin ƙasa, ta bar ƙofar fita ta nufi can ita kaɗai. Wannan laifin marubuci ne, biro kuwa ba ya tsada.

Dubi fim ɗin ban tsoro Halloween na darakta John Carpenter, wanda ya fito a 1978. An yi shi a Amurka da kuɗin da bai kai dala 350,000 ba. Abin rufe fuskar makashin ma a shago aka sayo shi, aka fesa masa farin fenti. Jini kaɗan ne a ciki, kiɗan da Carpenter ya tsara da kansa da zaman jiran abin da zai faru su ne ke tayar da tsigar jiki. Inda na yarda kuɗi na da hannu shi ne haske da sauti. Na taɓa barin wani fim a tsakiya saboda duhu ya hana ni gane wa ake bi, ihun ma sai wuƙa ta sauka yake isowa.