Ga mai cikin da ciwon fitsari ya ƙi jin magani

'Yar'uwa, da na karanta cewa cikinki wata 5 ne, fitsari yana yi miki zafi, kin sha amoxicillin har sau biyu amma ciwon ya dawo, sai na ji kamar labarina kike bayarwa. Allah ya ba ki lafiya.

A cikina na uku, wani mai kemis ne ya riƙa ƙulla mini kafso na kwana uku-uku, daidai kuɗin hannuna, ni kuma da zarar zafin ya lafa sai in ajiye sauran. Bai taɓa tambayata watannin cikin ba, alhali ga shi ya fito. Zuwana na ƙarshe har ja da yalo ya ba ni, wato tetracycline, wanda ba a bai wa mai ciki domin yana taɓa haƙora da ƙashin jariri. Har yau ba na iya amsa gaisuwarsa da sakin fuska.

A wata na 7, cikin dare, rawar sanyi ta kama ni har haƙorana suna haɗuwa, an lulluɓa mini bargo uku a banza, kwiɓina na dama kamar ana soka wuƙa, marata kuma tana ɗaurewa tana saki. Surukata ta ce zazzaɓin sauro ne, ta kawo jiƙo. A asibiti aka ce ciwon ya hau ƙoda, kuma yana iya tayar da naƙuda. Na kwana ina kallon ledar ƙarin ruwa, hannuna a kan cikin ina jiran motsi.

Gwaji ya nuna ƙwayar cutar da ake kira E. coli ce, kuma ba ta jin amoxicillin ko Septrin. Likita ta ce ba jikina ne ya saba da magani ba, ƙwayar cutar ce ta saba, sai da allurar ceftriaxone ta jijiya na samu kaina.

Don Allah kada ki sake sayen komai da kanki, musamman ciprofloxacin da ake yawan miƙa wa mata da sunan maganin sanyi. Ki je wurin awo ki nemi gwajin da ake ajiye fitsari kwana 2 zuwa 3 har ƙwayar ta tsiro a ga maganin da ke kashe ta, kuma ki bayar da fitsarin kafin ki haɗiyi wani magani. Abin da aka rubuta miki ki shanye shi, ki koma a sake gwaji. In kuwa zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya zo, kada ki jira gari ya waye.