Tambaya da Amsa: Zan iya rufa tsohon gidan silima in mai da shi gidan kallon ƙwallo?

Tambaya: Mun gaji tsohon gidan silima a garinmu, ɓangaren Gumel, doguwar katanga ce babu rufi. Ina so in sa kwano da silin in mai da shi gidan kallon ƙwallo, amma dattawa sun ce wurin tsinanne ne, ƙarshensa gobara irin ta El Duniya, gidan silimar da ya ƙone a Kano. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malam, rashin rufin nan ba talauci ba ne, haka aka tsara shi. Tun daga gidan silimar Rex, wanda 'yan Labanan suka buɗe a Kano a 1937, yawancin silimunmu a fili suke: allo a gaba, ɗakin majigi a baya, sai dare ya yi a fara. Aikin katangar ta kare idon wanda bai biya ba. Ba a haƙa harsashinta don ɗaukar nauyi ba, saboda haka rufinka ya zauna kan ginshiƙansa daban.

Maganar tsinuwa kuwa ta ishe ni, don kullum sai na ji ta. El Duniya ta ƙone ranar 13 ga Mayu, 1951, mutum 331 suka rasu. Binciken gwamnati ya gano fim ɗin ne ya kama wuta a ɗakin majigi, don fim na wancan zamani kamar fetur yake, wutar ta bi silin ta rufe jama'a. Ƙaddara gaskiya ce, amma tana da sanadi. Illar wannan jita-jita ita ce wanda ya yarda tsinuwa ce ba ya gyara komai. Sai ya kira a yi masa tofi, ya koma ya liƙe ƙofofi da bulo, ya bar guda ɗaya inda yaro ke karɓar kuɗi. Ina shiga gidajen kallo a ƙauyuka in ga silin na roba, wayoyi tsirara an ɗaure da leda, janareto da jarkar mai a bakin wannan ƙofa ɗaya tilo. Wa zai fita in ta kama? 'Ya'yan mutane fa ake tarawa ciki, kuma Allah zai tambaye ka su.

Buɗe duk tsofaffin ƙofofin, su riƙa buɗewa waje, kada a sa musu kwaɗo ana kallo. Janareto ya koma bayan katanga. Kafin ka sayi kwano ko bandir ɗaya, kawo injiniyan gini ya tona gindin katangar ya gani, ba birkilan da zai buga ta da hannu ya ce lafiya lau ba.