Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Ƙwarin Lambu Daga Kusa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida inda na shuka kuɓewa da wake, kuma tun faɗuwar damina nake ƙoƙarin ɗaukar hoton ƙwarin nan masu taurin baya da ke sauka a kansu. Duk wanda na ɗauka da wayata sai ya fito dishi-dishi, ko kuma bayan ƙwaron ya yi fari fat. Shin dole sai na sayi babbar kyamara? Daga mai karatu a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar taɓa aljihunka, domin matsalolin nan biyu da ka ambata suna damun mai kyamarar miliyoyin naira kamar yadda suke damun mai waya, kuma tushensu tazara ce da haske.

Duk lokacin da kyamara ta matso kusa da abu, wurin da zai fito tangaran a cikin hoton ƙanƙancewa yake yi. Idan aka matsa har girman ƙwaron a cikin kyamara ya yi daidai da girmansa na zahiri, abin da masu sana'ar ke rubutawa 1:1, to kaurin wurin da ke fitowa sarai ba ya kai milimita 2, ko da an tsuke ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara zuwa ma'aunin da ake kira f/11. Ke nan numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da ƙwaron daga saiti, balle iskar da ke kaɗa ganye. Saboda haka sai ka zaɓi abin da kake so ya fito, kuma shawarata a nan ita ce ido, domin mai kallo yana yafe ƙafar da ta dusashe, amma ba ya yafe idon da ya dusashe. Ka durƙusa har kyamararka ta daidaita da gefen ƙwaron, ta yadda kansa da jikinsa za su kasance a tazara ɗaya da kai, maimakon ka tsaya a kansa kana leƙo shi daga sama. Ka danne allon wayar a kan idon har saitin ya kulle, ka tokare gwiwar hannunka a cinya, ka riƙe reshen da ɗaya hannun, sannan ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali kana ɗauka a jere. Idan ka sami biyu masu kyau a cikin talatin, ka yi abin kirki.

Galibin wayoyi ba sa iya saiti idan abu ya matso kusa ƙwarai, kuma jawo hoto da yatsu sau da yawa farfasa shi yake yi. Ƙaramin gilashin nan da ake maƙalawa a kan kyamarar waya yana magance wannan da kuɗi kaɗan, sai dai zai tilasta maka ka matsa har tazarar santimita biyu ko uku.

Farin da kake gani kuwa daga jikin ƙwaron yake. Dangin buzuzu, waɗanda masana suka bayyana nau'insu kusan 400,000, fukafukansu na gaba sun rikiɗe sun zama ɓawo mai tauri da ke rufe na tashi, kuma a da yawa daga cikinsu ɓawon yana da sheƙi kamar tangaran. Rana tsaka ko fitilar waya idan ta dake shi sai ta dawo cikin kyamara ta shafe launi da zane. Maganin shi ne ka kashe fitilar, ka sa farar takarda ko farin ƙyalle marar kauri tsakanin rana da ƙwaron, sai hasken ya bazu ya yi laushi. Ranar da hadari ya rufe sama kuwa, Allah ya hutar da kai wannan ɗawainiya.

Ka fita da sassafe bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye, domin ƙwaro ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, sanyin safiya yana sa shi nauyin jiki, ga raɓa a bayansa tana ƙara wa hoto kyau. Ka fara da manyan nan masu rawaya da duhu da ke lafewa a kan gwaiba ko mangwaron da ya nuna, tun da cin da suke yi ya ɗauke musu hankali. Ƙananan da ke huda ganyen kuɓewa ka bar su sai hannunka ya faɗa, domin inuwarka kawai za su gani su yi tsalle.

TAMBAYA: Ko zan iya kama ƙwaron in kai shi ɗaki in ɗauke shi a natse? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Malama, ban ba ki wannan shawara ba. Hoton da aka ɗauka a kan furen da ƙwaron yake ci ya fi faɗin gaskiya game da rayuwarsa, kuma akwai haɗari a kamun. Hangara, wadda ake yawan gani a kan furen wake da kuɓewa da kan gero, idan aka matse ta tana fitar da ruwa mai sa fata ta yi bororo kamar ƙunar wuta. Idan ta sauka a hannunki ko wuyanki, ki hure ta ko ki ture ta da ganye, kada ki murje ta, in kuma ruwan ya taɓa ki, ki wanke wurin da sabulu nan take, ki kiyaye kada hannun ya kai ido.