Hukuncin zuwa cin abincin Ista a gidan surukai Kiristoci a Italiya

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Napoli ne a ƙasar Italiya. Na auri 'yar ƙasar, Kirista ce 'yar Katolika, muna da 'ya'ya biyu. Duk shekara in bikin Ista ya zo, wanda suke kira Pasqua, dangin matata kan taru a gidan iyayenta ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Surukata tun ranar Alhamis take shiga toye-toye. Kafin a sa hannu a abinci, surukina yakan tsoma reshen zaitun a ruwan da aka ɗebo daga coci ya yayyafa wa kowa. Akwai gasasshen ɗan rago, akwai giya a kan teburi, yara kuma a ba su manyan ƙwayaye na cakulan da 'yar kyauta a ciki. Bara na ƙi zuwa, surukata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata. Shin ya halatta in je? In ci me, in bar me? 'Ya'yana fa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, abubuwa da yawa ka ɗaure a ƙulli ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Sai mun kwance.

Da farko ka san abin da ake tunawa a ranar. Kiristoci sun yi imani cewa an gicciye Annabi Isa (AS) ranar Juma'a, ya tashi daga matattu ranar Lahadi. A wurin coci wannan ce babbar ranar shekara, ta fi Kirsimeti. Ba ta da tsayayyen kwanan wata, tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, bayan azuminsu na kwana 40. Mu kuwa Allah ya gaya mana a Suratun Nisa'i, aya ta 157, cewa ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, kamanta shi aka yi musu. Shi ya sa a ganina lamarin Ista ya fi na Kirsimeti nauyi. Haihuwar Isa mun yarda ta auku, saɓanin yana wani wuri ne daban. Amma abin da ake biki a kansa ranar Ista, Alƙur'ani ya kore aukuwarsa ƙarara.

Saboda haka duk abin da yake ibada ce a ranar, babu ruwanka da shi: shiga coci don addu'arsu, bin jerin gwanon da ake yi da gumaka daren Juma'a, da kuma yayyafin nan na surukinka. Kada ka ɗauke shi al'adar tsofaffi kawai. Reshen zaitun ɗin an sa masa albarka ne a coci ranar Lahadin da ta gabata, ruwan ma daga can ya fito, kuma neman albarka ake yi da su. Ba za ka miƙa kai ba, 'ya'yanka ma haka. Sai dai in ɗigo ya faɗo maka ba da sonka ba, babu laifi a kanka. Ruwa ne, ba najasa ba, ko alwala ba ya karyawa.

Sai zaman cin abincin kansa, nan ne maganar ta yi faɗi. Mafi yawan malamai, na da da na yanzu, sun hana halartar idin waɗanda ba Musulmi ba. Hujjarsu hadisin Anas ne da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar suna da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, Babbar Sallah da Ƙaramar Sallah. Wasu magabata kuma, irin su Mujahid da Ibnu Sirina, sun fassara "waɗanda ba sa halartar ƙarya" da ke Suratul Furƙan, aya ta 72, da bukukuwan mushirikai. A ɗaya gefen akwai aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ga kuma Asma'u 'yar Abubakar da mahaifiyarta ta zo mata tana mushirika, Annabi (SAW) ya umarce ta da ta sada zumunta da ita, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Kuma Shari'ar da ta halatta maka auren Kirista ta san za ka yi surukai, 'ya'yanka za su yi kakanni da kawunnai.

Abin da na fi natsuwa da shi: barin teburin Lahadi shi ya fi, amma ba irin barin da ka yi bara ba, na ɓacewa babu bayani. Tsohuwar da ta kwana uku a kicin, ta ga kujerarka wayam, ba tauhidi za ta fahimta ba, raini za ta gani. Su Italiyawan da kansu sun bar maka ƙofa a buɗe. Suna da karin magana cewa Kirsimeti da danginka, Ista da wanda ka ga dama. Ga kuma Litinin da ke biye, Pasquetta, ranar hutu ce ta ƙasa. Duk da tana da suna na addini, abin da jama'a ke yi a cikinta shi ne fita bayan gari ko bakin teku, a shimfiɗa tabarma a gasa nama. Ka ɗauki nauyin wannan fitar da niyyar zumunci. Ka sayo rago a wurin mahauci Musulmi, ba su da wuyar samu a unguwannin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Garibaldi, ka yi musu tsire da yajin ƙuli su san su ma sun yi suruki.

In kuwa ka tabbatar rashin zuwanka ranar Lahadi zai ɓata aurenka, ko ya sa a riƙa tafiya da yaran ba tare da idonka ba, to zuwanka ya fi rashinsa, saboda ana ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba. Ka iso bayan an gama yayyafi da addu'a. Matsalar da ta rage ita ce giya, domin Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Na san a Italiya roƙon a kau da kwalba daga teburi ba ƙaramin abu ba ne. Ka sa matarka ta yi maganar tun da sauran kwanaki, ko kai ka zauna tare da yara a nasu teburin. Ba ka zubawa, ba ka miƙawa, ba ka ɗaga kofi tare da su.

Abincin kuwa, a Napoli kake, sai ka buɗe ido. Burodin nan zagayayye mai rami a tsakiya, casatiello, wanda ake dasa ƙwai da ɓawonsa a samansa, a ɗaure kowanne da siraran ƙullu biyu a gicciye, cikinsa yankakken naman alade ne da cuku, kuma da kitsen alade ake kwaɓa shi. Haramun ne, tsince naman ba ya gyara shi. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne pastiera. Kana ganin dafaffiyar alkama, cukun ricotta, ƙwai, sukari da ƙamshin furen lemo, sai ka ce ai wannan babu komai. To a girkin gargajiya ɓawon nata da kitsen alade ake yi, wanda suke kira strutto. Ka riƙe kalmar nan, ka tambaya. Da man shanu ma tana yiwuwa, kuma ban cire tsammanin surukarka za ta yi maka taka daban in an roƙe ta da ladabi ba. Kek mai siffar kurciya, colomba, kamfanin Motta na Milan ne ya yaɗa shi a shekarun 1930. Ka duba jikin kwalin kawai, akwai masu giya a ciki.

Asalin karɓar abincin idinsu halal ne. An ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha (RA) game da kyautar da majusawa ke kawo musu ranar idinsu, ta ce abin da aka yanka domin ranar kada su ci, amma su ci daga 'ya'yan itatuwansu. Imamu Malik ma ya karhanta abin da Nasara suka yanka domin coci-cocinsu da idodinsu. Don haka ɗan ragon Lahadi ka bar shi, balle ma sau da yawa da farar giya ake dafa shi. Taliya marar alade, ganyaye, cuku da kayan marmari sun ishe ka.

Ƙwan cakulan na yara abinci ne, su karɓa su yi wa kakarsu godiya. Amma aikinka ne ka zaunar da su ka ba su labarin Annabi Isa kamar yadda Alƙur'ani ya kawo, kuma ranar Sallah su ga sabon ɗinki da goron Sallah da bai gaza na gidan kakanni ba. Matarka kuwa, a mazhabar Malikiyya ba ka da ikon hana ta zuwa coci.

Saura gaisuwa. Ibnul Ƙayyim ya hana taya murna da abin da yake alamar addininsu ne, Majalisar Fatawa ta Turai kuma ta sauƙaƙa ga wanda ke zaune cikinsu lafiya. Ni a kan Ista na fi karkata ga barin "Buona Pasqua", wato barka da Ista, saboda abin da na faɗa a farko. In sun faɗa maka, ka yi godiya, ka yi musu fatan lafiya da kwanciyar hankali, ka yaba girkin da ka ci.

Wallahu a'alam.